Da Wuƙar Malamai Aka Yanka Su

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, mun gaji da jin ana yi mana waƙar cewa wai ilmi shi ne maganin mugunta, wai duk wanda ya taka ƙofar jami'a ya rabu da halin dabba. Masu wannan magana muna roƙonsu su tsaya su ji abin da ya auku a Jami'ar Kiyushu ta birnin Fukuwoka, a ƙasar Japan, cikin watannin ƙarshe na Yaƙin Duniya na Biyu.

Ran 5 ga watan Mayu 1945 aka kakkaɓo wani jirgin Amurka mai jefa bom, irin wanda ake kira B-29, yana komowa daga kai hari filin jiragen Taciyarai. Mutanen ciki suka diro da laima, waɗanda suka tsira da rai aka kama su. Shugabansu, Marbin Watkins, aka aike da shi Tokiyo don a yi masa tambayoyi, abin da ya tsirar da shi ke nan. Sauran kuwa, tare da waɗansu da aka kamo daga wani jirgin, su takwas, hukumar soja ta miƙa su ga sashen koyon aikin likita na jami'ar. Da suka ga fararen riguna sai hankalinsu ya kwanta, suna zaton magani za a yi musu.

Tsakanin 17 ga Mayu da 2 ga Yuni aka fiɗe su da ransu, a ɗakin da ake koya wa ɗalibai fiɗar gawa. An cire wa wani huhu guda don a ga ko mutum zai rayu a haka. An yanke wa wani sashen hanta, an huda ƙoƙon kan wani. An ɗura wa waɗansu ruwan teku a jijiya, wai ana neman abin da zai maye gurbin jini ga wanda ya ji rauni. Ko ɗaya bai tashi ba. Wanda ya jagoranci aikin ba wani ɗan tauri ba ne daga bayan gari, shaihun malami ne, Farfesa Ishiyama Fukujiro, babban likitan fiɗa, mataimakansa na miƙa masa wuƙa, ɗalibai na tsaye.

Mun san abin da waɗansu za su ce, don mun sha jin sa a ɗakin cin abinci. Za su ce ai ba aikin hajji ya kai su Japan ba, wuta suka je zubawa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. To, ba mu musa ba. A daren 9 ga Maris na wannan shekara jiragen Amurka suka ƙone Tokiyo, mutum wajen 100,000 suka halaka, mata da yara da tsofaffi. Wannan ta'asa ce, ba kuwa za mu wanke ta ba. Amma mutumin da ya faɗo ƙasa, ya ɗaga hannu, aka ɗaure shi, ya tashi daga abokin gaba ya zama amana a hannun wanda ya kama shi. In yana da laifi ga alƙali nan. Ita kanta Japan ta kafa doka a 1942 ta hukunta matuƙan da suka jefa bom kan farar hula, doka mai tsanani ƙwarai, amma duk da haka waɗannan takwas ko gaban wannan kotun ba a tsai da su ba.

Kuma a lura, likitocin nan ba fushi ya ɗebe su ba. Da ƙauyawan da aka ƙone wa gidaje ne suka far musu da sanduna, da mun ce zafin zuciya ne, ko da yake shi ma ba hujja ba ne. Waɗannan kuwa sun wanke hannu, sun sa safar hannu, sun rubuta abin da suka gani. Hujjarsu ita ce wai ai dama soja za su kashe mutanen, gara a amfana da su. Kai, jama'a! Wannan lissafi sai wanda ya yi karatu.

Sai kuma mu juyo kan waɗanda suka ci yaƙin, don su ma ba su fita ba. Ishiyama ya rataye kansa a kurkuku a 1946. A 1948 kotun sojan Amurka a Yokohama ta gurfanar da mutum 30, ta sami 23 da laifi, ta yanke wa biyar hukuncin kisa. Ba a rataye ko ɗaya ba. A 1950, shekarar da yaƙin Koriya ya ɓarke, Amurka na bukatar Japan a gefenta, Janar Makata ya sassauta hukuncin, kafin 1958 ta ƙare duk sun koma gida. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Shi kuwa Janar Limei, wanda ya tsara ƙone Tokiyo, gwamnatin Japan ta rataya masa lambar girma a 1964. Manya sun shirya, sun gaisa, samari takwas da talakawa 100,000 suka biya kuɗin.

Cikin ɗaliban da suka tsaya a ɗakin nan akwai wani saurayi ɗan shekara 19, Tono Toshiyo, ƙanenmu ne ma a shekaru a lokacin. An sa shi ya riƙe kwalbar ruwan teku, ya kuma wanke jinin da ya zuba a ƙasa. Ya zama likita, ya bi diddigin al'amarin, ya fid da littafi a kansa a 1979, ya yi ta ba da shaida har ya rasu a 2021. Ita kuwa jami'ar, mai ɗakunan karatu da shaihunan malamai, sai a 2015 ta keɓe wa labarin wani ɗan lungu a gidan tarihinta, bayan shekara 70.