Baƙin mai a Sabon Gida: ba Turawa ne ke kashe tsofaffin injuna ba

Wata magana ta samu gindin zama a tashoshin mota da garejojin Madawa, Buza da Keita, wai baƙin man zamani ba shi da albarka, domin Turawa sun zare masa sinadarin tutiya da gangan don tsofaffin motocin talakawa su mutu a sayi sababbi. Masu yaɗa zancen ba su tsaya nan ba, sai sun ɗora da tallan wata ƴar kwalba wadda in an tsiyaya ta cikin inji, wai Peugeot 504 da aka haɗa a Kaduna shekara talatin da suka wuce za ta koma budurwa. Akwai gaskiya a cikin zancen, amma ƴar kaɗan ce, kuma da ita ake lulluɓe wata ɓarna da ta fi ta girma nesa ba kusa ba.

Ga gaskiyar. Tun cikin shekarun 1940 ake zuba wa baƙin mai wani haɗi na tutiya da fosfor da sulfur, wanda masana ke kira ZDDP. Aikinsa shi ne, duk inda ƙarfe ya gogi ƙarfe da zafi da nauyi har mai ya kasa raba su, sai ya shimfiɗa wata fata siririya a bisa ƙarfen, ita ce ke cinyewa a madadinsa. Inda aka fi bukatar wannan fata shi ne wurin da sandar da ke buɗe bawul take dannan turakunta, domin a tsofaffin injuna gogayya ce tsagwaronta, alhali yawancin na zamani an sa musu ƴar taya mai gangarawa. To, fosfor yana toshe matatar hayaƙin da ke cikin salansar sababbin motoci, shi ya sa a Amurka aka yi ta rage shi: a 1996 aka tsai da iyaka a kashi 1,000 cikin miliyan, a 2004, da fitowar matakin API SM, aka saukar da ita zuwa 800. Tutiya kuwa tafiyarta ɗaya da fosfor, in ya ragu ta ragu.

Abin da masu tallan kwalba ba su faɗi shi ne, wannan iyaka ta shafi mai ne mai ruwa-ruwa, irin su 5W-30 da 10W-30 da ake yi wa ƙananan motocin fetur na yau. Ba ta hau kan 20W-50 ba, wanda shi ne abincin 504 da tsohuwar Land Cruiser a ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu. Man injin gazuwal mai lamba 15W-40 kuma, ko bayan da aka yi masa tasa iyakar a 2006, an bar masa har kashi 1,200. Ke nan direban da ke jigilar albasa daga fadamar Tarka zuwa Abijan ko Akara bai rasa tutiya ba, muddin abin da ke cikin galan shi ne abin da aka rubuta a bayansa. Ƙarin da ake tsiyayawa da ka, babu awo, yana iya ɓata daidaiton sauran sinadaran man, kuma in ya yi yawa shi kansa ƙarfen yake ci.

A nan gizo ke saƙa: muddin abin da ke ciki shi ne abin da aka rubuta. Duk wanda ya ratsa kasuwar Sabon Gida ya ga baƙin mai jere cikin gorunan ruwan sha da kwalaben lemo, babu suna, babu lamba, babu ranar da aka yi shi. Wani daga duro aka auno shi. Wani ɗanyen mai ne da ba a zuba masa kome ba, launinsa garai-garai kamar zuma, shi ya sa yake ruɗin ido. Wani kuma tsohon mai ne da aka juye daga wata mota, aka tace da tsumma, aka zuba cikin galan mai sunan babban kamfani. Ana gardama a kan 800 da 1,200, alhali abin da ake ɗura wa injin yana iya zama bai ɗauke da ko ɗaya. Hatta galan mai rubutu, in SAE 40 kaɗai aka rubuta, kauri kawai ya faɗa. In kuwa API SA aka gani, to ma'aikatar da ta tsara waɗannan matakai da kanta ta ce irin wannan mai bai dace da injin da aka ƙera bayan 1930 ba. Motar 1930 nawa ke hawa tsaunukan Keita?

Wanda ya fi jin jiki ma ba mai mota ba ne, manomin albasa ne. Ɗan injin ban ruwan da ke bakin rijiyarsa ba ya shan mai fiye da rabin lita da ƴan kai, ba shi da matatar mai, iska ce ke sanyaya shi, kuma yini yake yana aiki cikin ƙurar hunturu. Littafin kamfanin Honda ya ce a juye mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100. A tsakiyar noman rani awa 100 ba ta kai mako biyu ba ga mai ban ruwa safe da yamma. In aka haɗa jinkirin juye da man da ba shi da kome a ciki, injin zai fara hayaƙi, ya rage jan ruwa, ya tsaya a daidai lokacin da albasa ke ƙwai. Kuɗin da aka yi rowa wajen sayen lita ɗaya sai a biya shi da buhuna.

Ba laifin manomi ba ne in ya nemi araha. Tun karyewar darajar sefa a Janairun 1994 duk abin da ke shigowa daga waje ya gagari aljihunsa, kuma ba shi da hanyar gane tutiya da ido ko da yatsa. Wannan aikin hukuma ne. Nijar na da matatar man fetur a Damagaram tun 2011, tana da ma'aikatar kasuwanci, tana da jami'an duwan a Birnin Ƙonni da sauran mashigai, tana da hukumar kula da ingancin kaya a Yamai. Duron da ya ƙetaro iyaka, wa ya ɗebi samfurinsa? Wa ya tilasta wa mai shigo da shi ya rubuta matakinsa da sunansa da adireshinsa? Na'urar auna tutiya da fosfor a cikin mai ba ta kai kuɗin mota ɗaya daga cikin jerin gwanon manya ba, kuma aikin mintoci ne.

Ma'aikatan da ke sa hannu a takardun sayen mai na motocin asibiti da na ofisoshin jiha su ma su duba abin da suke karɓa, don motar ɗaukar marasa lafiya in ta mutu tsakanin Buza da Madawa, ba ta tambayar wa ya ci ribar odar. Manyan ƴan kasuwa kuma da ke da manyan motoci suna da ƙarfin da manomi ba shi da shi: su ƙi duk galan da ba shi da hatimi da lambar API, su nemi rasit mai suna, su kai samfuri a auna da kuɗin ƙungiyarsu, sannan su kafa sakamakon a ƙofar tasha.