Gubar Dalma a Tsofaffin Gidaje: Gyaran da Ke Rage Ta da Wanda Ke Ƙara Ta



Kwanakin baya wani magidanci daga unguwarmu ta Ƙofar Mazugal ya same ni a tagar ba da magani, ya ce in taimaka masa da maganin wankin jini. Da na tambayi dalili, sai ya ce ya ji ana maganar gubar dalma a rediyo, ga shi kuwa ƙaninsa ya daɗe yana gyaran baturan mota a zauren gidansu, nan ne kuma wurin wasan yara. Abin da yake so shi ne ya ba su wani abu su sha, hankalinsa ya kwanta. Na ce masa ba zan ba shi komai ba sai an auna jinin yaran, an kuma raba zauren nan da batur. Bai ji daɗin amsar ba. Na san kai ma wataƙila ba za ka ji daɗinta ba, domin mun saba neman lafiya a cikin kwalba. Amma ina so ka ba ni aron hankalinka in nuna maka dalilin da ya sa nake ganin gyaran gida ya fi maganin da ke kan kantata muhimmanci, da kuma dalilin da ya sa ba kowane gyara ne gyara ba.

Dalma ba ta da wani amfani a jikin ɗan Adam, kuma babu adadinta da aka tabbatar ba ya cutarwa. Ƙaramin yaro ya fi kowa shiga haɗari, saboda yana rarrafe a ƙasa, duk abin da hannunsa ya taɓa sai ya kai baki, sannan hanjinsa yana tsotse dalmar da ya haɗiye ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsa. Mafi yawan lokaci ba a ganin alama. Yaro yana ci, yana wasa, ita kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali, sai an kai shi makaranta a ce ba ya riƙe karatu. Ana auna ta da maikirogiram a kowace desilita ta jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan awo ya kai 5 a nemo inda gubar ke fitowa a kawar da shi, a Amurka kuma tun 2021 sun sauko da ma'auninsu zuwa 3.5.

Ba sai mun tafi nesa neman darasi ba. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Mutane suna kawo duwatsun zinare masu ɗauke da dalma cikin gida, ana daka ana niƙa a tsakar gida, ƙurar tana kwantawa inda yara ke wasa. A Dareta da 'Yargalma, binciken gida-gida ya nuna ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu a cikin shekara guda. Jimillar yaran da aka rasa ta kai aƙalla 400. Akwai maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, ana kiransa DMSA, amma likitocin sun tsaya kai da fata cewa ba za a ɗora yaro a kansa a mayar da shi gurɓataccen gida ba, domin hakan ɗiban ruwa ne da kwando. Saboda haka aka bi gida-gida ana kankare kimanin santimita biyar na saman ƙasa, ana kwashewa zuwa ramin da aka tanada, ana zuba ƙasa mai tsabta, aka kuma fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Garin Bagega sai da ya jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin, yaransa ma suka jira magani har lokacin. Rahoton da masu aikin suka wallafa a 2016 ya nuna matsakaicin awon jinin yara ya sauko daga 149 zuwa 15 a cikin shekara huɗu. Inda kuma aka koma niƙa dutse a gida, gubar ta dawo.

Ka lura da abin da aka yi a can: asalin gubar aka kwashe aka fitar. Wannan shi ne ya raba aikin da ke tasiri da wanda ba ya yi, kuma binciken ƙasashen waje a kan tsofaffin gidaje bai saɓa wa haka ba. A Amurka, inda aka hana fentin gida mai dalma a 1978, an daɗe ana gwada hanyoyi iri-iri. Cibiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwajen lafiya da tantance su, ta duba waɗanda aka yi a kan wayar da kan iyaye da goge ƙura kawai, ba ta sami hujjar cewa su kaɗai suna rage dalma a jinin yara ba. Wannan magana tana da ɗaci ga irina masu ba da shawara, domin ma'anarta ita ce muddin ƙofa tana zubar da garin fenti kullum, tsumman uwargida ba zai cim mata ba. Inda aka canja tagogi da ƙofofi, aka rufe ko aka cire tsohon fenti bisa ƙa'ida, ƙurar dalma ta ragu ƙwarai kuma ta daɗe a rage, jinin yara ya biyo baya a hankali. Inda kuwa aka ƙone fenti da wuta ko aka goge shi da sanfefa a bushe alhali yara suna cikin gida, an ga awonsu ya hau maimakon ya sauka.

Shi ma maganin yana da iyaka, ni da nake bayar da shi nake gaya maka. Wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2001, a kan yara 780 masu awo tsakanin 20 da 44, ya nuna DMSA ya rage dalma a jini na ɗan lokaci, amma bai ƙara wa yaran kaifin fahimta ba idan aka kwatanta da waɗanda ba su sha ba. Yana ceton rai idan awo ya kai 45 ko ya wuce, a hannun likita. Ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa.

To, mu dawo cikin ganuwa. Bangon ƙasa da tubali da shafen farar ƙasa da kakanninmu suka bar mana ba su ne abin zargi ba. Abin da muka ɗora musu daga baya shi ne. Fentin mai, mai ƙyalli, wanda ake shafa wa ƙyauren ƙarfe da tagogi da gindin bango, shi ya fi ɗauke da dalma, musamman ruwan ɗorawa da ja da kore. Kada kuma ka ɗauka gidanka ya tsira don ba a daɗe da yi masa fenti ba. Mu ba mu da wata shekara da za a ce daga nan komai lafiya, domin binciken da aka wallafa a 2007 a kan sababbin fentin da ake sayarwa a Ibadan ya sami dalma mai yawa a kusan dukkansu. Tsohon gida ya fi muni ne kawai saboda shafi ya hau kan shafi, kowane biki da nasa, na ƙasa yana ɓarewa. Ga kuma ƙasar bakin titi wadda ta sha hayaƙin fetur mai dalma shekara da shekaru kafin a daina sayar da shi a farkon shekarun 2000, dalma kuwa ba ta ruɓewa. Sai sana'ar da ake yi a zaure, ta batur ko ta narkar da dalma don liƙi. Sai kwalli. A 2011 an gwada kwallin da aka kai daga Nijeriya ana sa wa wani jariri a Boston, aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ne. Uwargida, na san kwallin jariri gado ne daga iyaye da kakanni, amma ki dubi yadda yake murza ido ya kai yatsa baki.

Lokacin da na fi jin tsoro shi ne gabanin Salla da gabanin biki, sa'ad da ake kiran mai fenti ya sabunta gida. Ya zo da sanfefa da burushin ƙarfe ya hau kan ƙyaure, gari yana tashi, yara sun kewaye shi suna kallo, da yamma a bi da tsintsiya a watsa sauran cikin ɗakuna. A wuni ɗaya an saki abin da ya shekara ashirin a ɗaure. Idan fentin bai ɓare ba, kuma ba a wurin da ake gogayya yake ba, ƙyale shi, ko ka rufe shi da sabon shafi marar dalma. Idan ya zama dole a kankare, a kai yara da mai juna biyu gidan dangi har a gama. A shimfiɗa leda, a jiƙa wurin da ruwa kafin a taɓa shi, kada a kusanto da wuta. A naɗe ledar da ɓawon a ɗaure, kada a ƙone, kada a zuba a kududdufi ko a lungu inda yaran maƙwabta za su same shi. A wanke ƙasa da dokin ƙofa da bakin taga da ruwa da sabulu sau biyu, ana canja ruwan. Ƙyaure ko tagar da ke cin jikinta duk sa'ad da aka buɗe, canja ta ya fi kankare ta. Zauren da aka taɓa fasa batur a cikinsa kuwa shara ba ta isar masa: a ɗebe saman ƙasar a fitar, a zuba sabuwa, a yi daɓen siminti, sana'ar kuma ta koma shago, kayan aikin mai ita su tsaya can.

Wanke wa yaro hannu kafin cin abinci, da ba shi abinci mai gina jini irin su wake da hanta da zogale, suna da amfani, domin yaron da ke da ƙarancin jini ya fi tsotse dalma. Amma waɗannan rakiya ce kawai.

Kada ka sa ran awo ya faɗi cikin mako biyu. Dalmar da ke yawo a jini takan ragu da rabi cikin kamar wata guda, amma wadda ta shige ƙashi tana zama shekaru, tana tsattsafowa cikin jini kaɗan-kaɗan. Shi ya sa yaron da ya daɗe a cikin gubar yake jinkirin sauka ko an gyara gida sarai, shi ya sa kuma wanda ya fi cin ribar gyaran shi ne ƙaninsa da bai fara rarrafe ba. Awon dalma ba kowane asibiti ke yinsa ba, don haka ka tambayi likitan yara inda za a tura jinin, a auna kafin aiki, a sake bayan wata uku.

Magidancin nan ya dawo bayan 'yan makonni karɓar maganin hawan jinin mahaifiyarsa. Ya ce ƙanin ya kama shago, an kwashe ƙasar zauren, saura siminti, yana jiran albashi. Na ce kafin nan ya rufe zauren, yara su riƙa bi ta ƙofar baya.