Ƙasar tsohon birnin Kano rumbun bayanai ce, a ɗebi samfurinta kafin siminti ya rufe ta

A 2017 masana a cibiyar Max Planck da ke Jamus suka ciro DNA na mutanen zamanin da daga ƙasar kogo, ba tare da sun sami ko ƙashi ɗaya ba. Tun daga nan masu haƙar tarihi suka fara kallon turɓaya da wani ido. Har ƙwayoyin bakteriya da ke cikinta suna iya nuna inda aka taɓa ɗaure dabbobi ko zubar da shara, domin kowace sana'a da irin ƙwayoyin da take tarawa.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ta isa misali. Baba ba ya kama zane sai ya jiƙa da ruwan toka ya ruɓa, kuma bakteriya ne ke wannan aikin a cikin rijiya. Idan aka san ƙwayoyin da ke rijiyoyin da ake rini a yau, za a iya neman alamarsu a unguwannin da tsofaffi ke cewa an taɓa yin karofi. Haka ma wuraren jima, da gindin Dala, da ganuwar da Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ya fara ginawa.

Gaskiya zafi maƙiyin DNA ne, Kano kuwa ba kogon Siberiya ba ce, kuma ruwan kwata yana cakuɗa sabo da tsoho. Ba kowane samfur ne zai yi magana ba. Amma kududdufin da aka cike aka dasa shaguna a kai, wannan ko gwadawa ba za a yi ba.

Na'urar ba ita ce matsala ba. MinION, mai karanta DNA, ba ta wuce girman waya ba, a jikin kwamfuta ake jona ta, kuma an yi aiki da ita a Gini lokacin Ebola a 2015. Abin da take fitarwa dogon rubutu ne na haruffa huɗu, A, C, G, T, wanda matashin da ya iya Python zai iya koyon tacewa.

Ya kamata Jami'ar Bayero da Gidan Makama su haɗa kai: duk inda za a haƙa tushen gini a cikin badala, a ɗebi ƙasa, a rubuta zurfinta da lambar GPS, a sa a firiza. Firizar kuma a haɗa ta da sola.