Taron fasaha a ƙasar waje kasuwa ce: wa muke aikawa ya ci mana ita?

A watan Afrilun 2025 na je Marakesh, ƙasar Maroko, taron GITEX Africa karo na uku, wanda aka yi daga ranar 14 zuwa 16 ga wata. Da kuɗina na je, ba wanda ya biya mini. Tikitin jirgi daga Yamai zuwa Kasablanka, jirgin ƙasa na kusan awa uku zuwa Marakesh, ɗakin otel da abinci, in aka haɗa duka abin ya kusa miliyan ɗaya na sefa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Ke nan albashin lebura na shekara biyu na kashe cikin kwana biyar. Da na dawo, abokaina na fada suka ce: to, ina tsaraba? Na zazzage jakata gabansu. Tulin katunan adireshi, alƙaluma, hula biyu, da hotuna cike da salula. Ƙanena ya ɗauki kati ɗaya, ya juya shi gaba da baya, ya ce: "Yaya, wannan ne miliyan ɗin?" Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma daren nan ban yi barci da wuri ba.

Ba na cikin masu cewa zuwa irin wannan taro asarar kuɗi ce. Ya kamata a je. Abin da na gane, bayan na biya kuɗin karatun daga aljihuna, shi ne mun yi wa taron gurguwar fahimta. Wasunmu na ɗaukarsa makaranta, inda za a zauna a saurari manya. Wasu kuma biki, inda za a je a ga mutane a ɗauki hoto. Alhali kasuwa ce. Kamfanoni ne sama da 1,000 cikin manyan tantuna a dandalin Bab Jdid, kowace rumfa an biya kuɗinta, kuma wanda ya biya yana jiran mai saye, ko mai zuba jari, ko wakilin da zai kai masa haja wata ƙasa. Duk wanda ya taɓa cin babbar kasuwar Maraɗi ya san mutum uku ke shiga kasuwa: mai sayarwa, mai saye, da ɗan kallo. Ni ɗan kallo na je, kuma ban sani ba sai a rana ta biyu.

Ga yadda aka yi. Muna da wata ƴar manhaja da muka haɗa ni da abokaina biyu, mai rubuta wa masu shago ciniki da bashi. A rana ta biyu na samu wani mai zuba jari, ya ba ni minti biyar a tsaye. Na shiga yi masa dogon bayani kan yawan matasan Nijar da makomar Afirka. Ya katse ni cikin ladabi, ya yi tambaya uku. Mutum nawa suka yi amfani da ita a makon nan? Nawa suke biya? Nuna mini ita. Ta farko na yi ƙiyasi, ta biyu na yi kame-kame, ta uku kuwa manhajar ta ƙi buɗewa, don ban tanadi layin intanet na can ba. Ya miƙo katinsa, ya ce in rubuto masa in mun shirya. Wallahi bai wulaƙanta ni ba. Ni ne na tashi fafe gora ranar tafiya.

Nawa laifin da sauƙi, tunda kuɗina ne suka tafi. Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda baitulmali ko wani tallafi ke biya wa tafiya. A jirgi da otel na haɗu da tawagogin ƙasashe daban-daban na yankinmu. Cikinsu akwai masu aiki tuƙuru, tun safe suna ganawa har yamma, kuma ina jinjina musu. Amma akwai waɗanda abin da ya kawo su bai wuce takardar misiyon da perdiyem ba. Ranar buɗe taro za ka gan su da manyan kaya da katin taro a wuya, a ɗauki hoto gaban babban allo, a tura Facebook. Washegari sai dai ka gamu da su a dandalin Jama'ul Fina suna cinikin jallabiya da takalman fata. Kujerar da suka zauna a jirgi kuwa ta wani ce. Na san wani yaro a Damagaram da ya haɗa na'urar da ke aiko wa mai rijiyar burtsatse saƙo in tanki ya cika ko famfo ya tsaya. Yana da masu saye, yana da abin nunawa. Ko fasfo bai taɓa yi ba, don ba wanda ya taɓa ce masa ya shirya.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda aka tura da kuɗin jama'a, jama'a na binsa bashin bayani. Da wa ka gana? Me kuka ƙulla? Bayan wata shida, ina maganar ta kwana? Mu a nan in an dawo, rapor ne ake rubutawa, in ma an rubuta, a saka cikin durowa. Baɗi a sake tura mutanen nan dai, su sake gaisawa da mutanen da suka gaisa da su bara.

Ba wai ba mu da misalin wanda ya fita da abu a hannu ba. Abdou Maman Kané, ɗan ƙasar nan, ya ƙirƙiro hanyar ban ruwa daga nesa, yadda manomi zai kunna ko ya kashe injin gonarsa da salula yana zaune a gida. A shekarar 2015 ya karɓi babbar lambar yabo ta Sarki Hassan na Biyu kan sha'anin ruwa, a taron ruwa na duniya da aka yi a Koriya ta Kudu. Abin da ya kai shi can an haife shi a gona, daga wahalar da kowane mai lambu ya sani. Duniya ta saurare shi saboda ya zo da abin da ke aiki.

Wani zai ce: malam, duk jawaban nan ana saka su a YouTube, don me za a kashe miliyan? Gaskiya ne, in jawabi kake so, zauna gida ka sayi forfe, ya fi araha nesa ba kusa ba. Ni kaina zaman tattaunawar da na shiga a can, kusan duka na same su daga baya a intanet. Abin da ba ya shiga YouTube shi ne amana. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro ba don kallon gari suke tafiyar watanni ba. A Salaga akwai maigida da ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba shi bashi. Sai an ga fuskarka, an ci abinci da kai, kafin a yarda da kai. Har gobe haka kuɗi ke tafiya. Mafi yawan jarin da ake zubawa cikin sababbin kamfanonin fasaha a Afirka ƙasashe huɗu ke kwashe shi: Najeriya, Kenya, Masar da Afirka ta Kudu. Matasansu ba su fi namu ƙwaƙwalwa ba, amma masu kuɗin sun san su, suna ganinsu a kowane taro. Sau nawa a Marakesh na ce Nijar aka ji Najeriya, sai na tsaya gyara. Zuwa da kai ya fi saƙo, in dai ka san abin da ya kai ka.

Sai dai ba kowace kasuwa ce tamu ba, a yanzu dai. Akwai CES a Las Vegas kowane watan Janairu, akwai MWC a Barcelona, akwai VivaTech a Paris tun 2016, akwai Web Summit a Lisbon, akwai uwar GITEX ɗin kanta a Dubai tun 1981. Sunayen na da daɗin faɗi a fada. Amma kuɗin neman bizar Turai kaɗai yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, wato kusan jika 59, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko dala. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024, don haka mai son zuwa Paris yana da doguwar hanya gabansa kafin ma ya ga jirgi. Ga wanda ke farawa, Marakesh ko taron MWC na Kigali sun fi dacewa. Ruwanda na ba ɗan Afirka biza a filin jirgi, kuma mutanen da za ka tarar a waɗannan wurare sun san mene ne ɗaukewar kuran da raunin rezo, ba sai ka ɓata minti biyar ɗinka wajen bayani ba.

Wannan ya kawo ni ga idon da ya kamata mu je da shi. A tantunan nan kowa ƙirƙirarriyar basira yake tallatawa, ga mutum-mutumi na gaisawa da jama'a, ga allo ya kai tsawon gida. Abin na ruɗin ido. Na koyi yi wa kowace rumfa tambaya uku nawa na kaina. Yana aiki in ba wuta? Yana aiki a ƙaramar salula mai maɓalli? Mai albasa a Galmi da bai yi lakol ba zai iya amfani da shi da muryarsa, da Hausa? Yawancinsu amsar a'a ce. Da farko abin ya karya mini gwiwa, daga baya na gane nan ne rumfarmu take. Sun san fasaha, ba su san kasuwarmu ba. Mu muka san yadda kuɗi ke tashi daga Agadas zuwa Konni ta hannun kamfanonin aika kuɗi cikin minti kaɗan, mu muka san dalilin da ya sa ɗan kasuwa ya fi yarda da saƙon murya a WhatsApp bisa rubutu. Kuma mai manhajar da ke jin Hausa ba Nijar kaɗai yake sayarwa ba, masu sayensa na Kano, Garwa da zangunan Kumasi. Wannan sani haja ce, amma sai an auna ta da alƙaluma kafin a kai ta kasuwa.

Don haka ga roƙona ga magabata da masu ba da tallafi. Duk tawagar da za a biya wa tafiya, rabin kujerun su zama na masu abin nunawa, a zaɓe su ta gasa a bainar jama'a, kuma kada zaɓen ya tsaya Yamai. A duba Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas, Doso, Difa da Tilaberi. Cibiyoyin rainon ƙananan kamfanoni irin su CIPMEN da jami'o'inmu sun san yaran da ke aiki, a tambaye su. A kama rumfa ɗaya da sunan ƙasa, matasa biyar ko shida su raba, maimakon a kashe kuɗin a ɗakunan otel masu tsada. A sanar da su wata uku kafin tafiya, don su yi fasfo, su gyara Turancinsu na Ingilishi, su nemi alƙawarin ganawa tun daga gida. In an dawo, cikin wata ɗaya a kira taro, kowa ya zo, waɗanda suka je su faɗi abin da suka samo da wanda ya kuɓuce musu. Wanda bai yi wannan ba, baɗi a ba wani kujerarsa.

Kai kuma ƙanena mai ɗokin zuwa, kada ka sayar da babur ko filin gado don ka ga Dubai. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, kuma wurinka a wannan kasuwa shi ne mutanen da ke amfani da abinka suna biya. In ba ka da su tukuna, jika ɗarin da ke hannunka ka kashe su wajen nemo su. Ka yi hattara kuma da takardun gayyata da ke shigowa ta imel, masu cewa an ɗauki nauyin komai, kai dai ka turo kuɗin rajista ko na otel. Da yawansu damfara ce. Ka shiga shafin taron na ainihi ka duba kafin ka aika ko tamma. In kuwa Allah ya ba ka biza, ka dawo ranar da ka ce za ka dawo, don duk wanda ya noƙe a can ya ƙara wa na bayansa wuya.

Ni dai katin mutumin nan yana nan cikin fasfona. Tun da na dawo muke bin shaguna ɗaya bayan ɗaya, ni da abokaina, muna rubuta wanda ya buɗe manhajar da wanda ya watsar da ita da dalilinsa. Mun gano cewa yawancin masu watsarwa rubutu ne ke ba su wahala, yanzu muna saka mata murya. Ranar da zan iya amsa tambayoyin nan uku ba tare da kame-kame ba, zan rubuta masa, in sake sayen tikiti. Kafin nan, in an samu kujera, a ba yaron Damagaram. Ya fi ni abin kaiwa kasuwa.