Ruɓewar albasa daga gona take farawa

Daga Galmi ta ƙasar Malbaza zuwa Birnin Ƙonni da Illela, albasa ce dukiyar talaka, sunanta kuwa ya kai Abijan da Akara. Amma kowace shekara manomi yakan zuba ta a rudu cikin watan Afrilu yana jiran kuɗinta ya hau. In damina ta kankama sai ya tarar wata ta narke tana wari, wata baƙar funfuna ta shige mata ƙarƙashin ɓawo. Don gudun haka da yawa suke karyar da ita tun a bakin gona.

Laifin ba na rudu kaɗai ba ne. Ƙwayoyin cuta suna shiga ta rauni da ɗanyen wuya. Wanda ya cika takin zamani, ya yi ban ruwa har jajibirin cira, ya yanke ganye bai bushe ba, shi ya buɗe musu ƙofa.

Ƴan uwa manoma, a tsai da ruwa in ganye ya kwanta, a shanya a inuwa, a ware mai rauni, a bar iska ta ratsa rudu. Malaman gona da na INRAN kuwa su iske manomi tun kafin cira. Tun ran gini, ran zane.