Tsohuwar Bindiga Mai Sakata, Ina Ya Kamata Ta Kwana?

Duk wanda ya karanta tarihin Kano ya san ƙarfe ne ya fara haɗa Gaya da Dala. Masu ba da labari sun ce maƙeran Gaya, watau Abagayawa, su ne suka zo gindin Dala neman tama har suka zauna. A Gaya kuma aka ce aka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya kashe macijin Daura da ita. Saboda haka in ana zancen makami da gyaransa, mutanen Gaya da Ajingi suna da ta cewa, da su muke magana yau.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Tarihin sarakuna ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, wajen 1731 zuwa 1743, aka kawo ta daga Nufe, Babba Zaki kuwa shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Amma duk harba-ka-ruga ne, ta baki ake ɗura musu albarushi. A Turai kuwa, tun 1841 sojan Farusiya suka karɓi bindigar Dreyse, wadda ake ɗura wa ta baya, a kulle da sakata kamar ta ƙofa. Aka yi ta ƙara mata dabara, har Ingila ta fito da Lee-Enfield a 1895 mai cin harsashi goma, Jamus ta fito da Mauser a 1898 mai cin biyar. Soja ya ɗaga sakata ya ja baya, kwanso ya fita, ya tura gaba, wani harsashi ya shiga.

Kakanninmu sun ga bambancin da idonsu. Ran 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya shiga Kano da bindigogi masu ɗuri ta baya, da igwa, da mai ruwa. Cikin watan nan Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, shi da mahaya masu yawa. Jaruntaka ba ta gaza ba, makami ne ya fi makami.

Daga baya 'ya'yan ƙasar nan su suka saɓa bindigar Ingila. Sun yi yaƙi da Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a Garwa da Mora. A Yaƙin Duniya na Biyu runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka tafi Bama da Lee-Enfield a kafaɗa, shi ya sa har yau akwai barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya. Samfurin da tsofaffin soja ke kira Mark 4 ya yi aiki a hannun 'yan sanda, ya kuma shiga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Bindigar da ta ga duk wannan ta zama shaidar tarihi.

To, a Ingila da Amurka akwai masu sha'awar tara irin waɗannan bindigogi, suna sayen kayan gyaransu don su mai da su kamar ran da suka fito daga ma'aikata. Wani zai ce, mu da muke da maƙera na gado, me zai hana mu gyara namu, ga shi kuwa ɓarayin shanu da masu satar mutane sun hana ƙasa barci? Mun ji wannan kuka, ba mu raina shi ba, amma muna da amsa biyu.

Ta fari, kowace bindiga da sakatarta aka auna ta, lamba ɗaya aka buga musu. Kan sakatar Mark 4 ma girma huɗu aka yi shi, daga 0 zuwa 3, don mai gyaran makamai ya zaɓi wanda ya dace da awo. In aka sa wanda bai dace ba, ko aka ƙera wani a maƙera, kwanso yana iya tsagewa, wuta ta komo fuskar mai harbi. Ƙarfen da ya shekara tamanin yana cin tsatsa ba abin amincewa ba ne. In kuwa ta tashi lafiya, ma'aunin saitinta na farko har yadi 1,300 ya kai, harsashin da ya kuskure ɓarawo a gona yana iya samun yaro a ƙauye na gaba.

Ta biyu, Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai awon .303 cikin haramtattun makamai, ba mai riƙe ta sai da lasin Shugaban Ƙasa. Gyaran bindiga ma sai da iznin hukuma. Maƙerin da ya taɓa ta don ladan kwana ɗaya ya sayi ɗauri da hannunsa.

Shawararmu ita ce, duk gidan da aka gaji irin wannan bindiga a gaya wa dagaci, shi ya kai magana ga hakimi da 'yan sanda. Muna roƙon Gwamnati ta yi shela cewa wanda ya kawo da kansa ba za a tuhume shi ba, gama tsoro shi ke sa a binne abu. Kada kuma a narke su duka. Mai gyaran makamai na hukuma ya kashe su yadda ba za su ƙara tashi ba, sa'an nan a kai Gidan Makama a Kano, inda 'yan makaranta za su gani. A nan masu sana'armu za su shigo, masassaƙi ya gyara icen gindi, baduku ya ɗinka maratayi.

Akawuna, naku shi ne rubutu: lambar bindiga, shekararta, sunan wanda ya riƙe ta da garinsu. Malaman makaranta kuwa ku tura almajiranku gidajen tsofaffin soja na Gaya da Ajingi, su kwafi takardar sallama, su ga lambobin yabo, su rubuta abin da iyali suka riƙe na labarin Bama. Yaƙin ya ƙare tun 1945, waɗanda suka je kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu ma sun yi furfura. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, rabon gara da tsatsa ke nan. Allah ya sa a ji.