Arlit: mun karɓi ma'adinin, su wa za su tace shi?

A watan Yuni na 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da kamfanin Somair na Arlit mallakar ƙasa, bayan doguwar taƙaddama da kamfanin Orano na Faransa, wanda a lokacin yake riƙe da fiye da kashi 60 cikin ɗari na hannun jari. An yi murna, an yi jawabai. Amma akwai mutumin da ba mu cika jin ana maganarsa ba, alhali in babu shi dutsen Arlit dutse ne kawai. Muna nufin babban injiniyan da ke kula da tace uraniyum.

Ga yadda aikin yake. A cikin tan guda na dutsen da ake haƙowa, uraniyum bai wuce ƴan kilo ba. Sai an niƙa dutsen, a jiƙa shi da ruwan asid irin wanda ke cikin batirin mota, a tace, a busar, kana a sami garin nan mai launin rawaya da ake durawa cikin ganguna. Babban injiniya ne ke tsaida awo. In asid ya yi yawa, an ƙone kuɗi. In ya yi kaɗan, uraniyum ya bi dusa ya tafi juji. Ɗan kasuwar da ya taɓa sayen gyaɗa ya kai wa masu matsar mai ya san me hakan ke nufi. Shi ne kuma ke sa ido kada ruwan dattin masana'anta ya tsiyaye cikin ruwan da mutanen gari ke sha. Wannan ba ƙaramin nauyi ba ne: kamfanin Cominak, da ya yi aiki daga 1978 zuwa 2021, ya bar tarkace kimanin tan miliyan 20.

To ina ruwan ɗan kasuwar Gaya ko na Birnin Ƙwanni? Da ruwansa. Asid ɗin nan daga farar wuta ake yin sa, ita kuwa ta yi shekara da shekaru tana shigowa ta tashar ruwan Kwatano, ta bi Gaya, Dosso, Tawa da Agadas. Da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yuli 2023, kayan haɗi suka yanke, Somair ta dakatar da tacewa na wani lokaci. Direbobi, ƴan kamasho da masu abinci a tasha duk sun ji a jikinsu.

Gaskiya ne mafi yawan ma'aikatan Arlit ƴan ƙasa ne tun da daɗewa, kuma makarantun EMIG ta Yamai da EMAIR ta Agadas suna yaye matasa. Sai dai takardar digiri ba ta mayar da yaro babban injiniya. Sai ya shekara da yawa a gindin na'ura, ƙarƙashin wanda ya fi shi sani. Irin waɗannan ƙwararru ba su da yawa, kuma ƙasashe masu uraniyum kamar Namibiya suna iya zawarcinsu.

Don haka muna kira ga magabata su biya su albashin da zai riƙe su, su nemo tsofaffin injiniyoyin Cominak su koyar da na baya, su kuma tabbatar da hanyar shigo da farar wuta wadda rikicin siyasa ba zai sake toshewa ba.